Tsakanin Ba da Shawara da Yanke Ta: Rikicin Ƙwallo a Jami'o'in Amurka

Ranar 19 ga Janairun 2011, wani attajiri mai suna Robert Burton, shugaban wani babban kamfanin ɗab'i a Amurka, ya aika wa Jeff Hathaway, daraktan wasanni na Jami'ar Konetikat, da wasiƙa mai shafi shida. A cikinta ya nemi a mayar masa da dala miliyan 3 daga cikin abin da ya ba jami'ar, wato kusan miliyar ɗaya da rabi na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Ya nemi a cire sunan gidansu daga ginin da ƴan ƙwallon jami'ar ke atisaye a ciki. Ya kuma shaida wa daraktan, ba tare da kwana-kwana ba, cewa bai cancanci kujerar da yake kai ba. Laifin Hathaway, a cewar mai wasiƙar, shi ne kwana shida kafin nan ya ɗauki sabon mai horar da ƙungiyar ƙwallo, Paul Pasqualoni, bai tsaya ya saurare shi yadda ya kamata ba.

Mai karatun da ya saba da jami'ar da damuwarta ba ta wuce ƙarancin kujeru a aji da jinkirin tallafin karatu ba, zai yi mamakin yadda ɗaukar mai horaswa ke jawo irin wannan tashin jijiyar wuya. Ƙwallon da ake magana a kai ba wanda ake bugawa a filayen unguwa ba ne. Na Amurkawa ne, mai siffar ƙwai, wanda ake runguma a ruga da shi, ƴan wasa sanye da kwalkwali. A manyan jami'o'in ƙasar wannan wasa ya daɗe da zama kasuwa. Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum sama da dubu 107, na Texas A&M sama da dubu 102, kuma a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati, har da gwamna da shugaban jami'a, da ya kai mai horar da ƙwallo albashi. Kuɗin na shigowa daga gidajen talabijin, da tikiti, da aljihun tsofaffin ɗalibai da suka yi arziki. Duk da haka mafi yawan sassan wasanni ba sa samun abin da zai rufe abin da suke kashewa, saboda haka hannunsu kullum a miƙe yake.

Mutum uku ne ke tsaye a kan wannan kasuwa. Daraktan wasanni ma'aikacin jami'a ne, yana ƙarƙashin shugaban jami'a, kuma a takarda shi ke ɗaukar mai horaswa, shi ke sallamarsa. Mai horaswa, a takarda, yaron darakta ne, amma albashinsa ya ninka na ubangidan nasa sau da yawa, kuma shi jama'a suka sani, shi suke yi wa tafi ko ihu. Na ukun shi ne mai ba da gudummawa, wanda Amurkawa ke kira busta, wato mai tura abu sama. Wannan ba shi da ofis, babu wanda ya naɗa shi, babu kuma wanda zai iya korarsa. An saba ɗora laifin rikicin a kan girman kan attajirai, kuma ba a rasa gaskiya a ciki ba. Sai dai tushen matsalar na wurin jami'a ne: tana karɓar kuɗi da sunan kyauta, tana barin mai kuɗin ya tafi da zaton cewa ya sayi ta cewa, sannan ta tura darakta ya cika alkawura biyu da ba sa cikuwa tare.

A koma kan wasiƙar Burton, domin akwai wata magana a cikinta da ta cancanci a tsaya a kanta. Ya ce shi bai nemi ikon hana naɗi ba. Abin da ya so kawai shi ne a riƙa sanar da shi halin da ake ciki, ya faɗi ra'ayinsa a kan mutanen da ake tunanin ɗauka. Jami'ar kuwa ta amsa da cewa daraktan ya ji ra'ayin nasa, amma hukunci na jami'a ne. Kowane ɓangare yana iya kasancewa mai gaskiya, domin ba abu guda suke nufi da kalma guda ba. Hausa ta fi Ingilishi tona asirin wannan ruɗani, tun da kalmar shawara ɗaya ce ke ɗaukar kayan biyu: ana ba da ita, ana kuma yanke ta, aikatau ne kaɗai ke raba mai faɗin ra'ayi da mai iko. Burton ya ce ba da shawara ya nema. Amma shawarar da ƙin bin ta ke da tara ta dala miliyan 3 ta tashi daga shawara, ta koma umarni, ko da an naɗe ta da lafazi mai laushi. Abin da jimla ta faɗa daban, aikin da take yi daban, kuma aikin da wasiƙar ta yi shi ne sanar da duk wani darakta mai zuwa farashin rashin biyayya.

Wanda ya karanta John Austin, wanda littafinsa a kan ayyukan da ake yi da magana ya fito a 1962, ya san cewa akwai furucin da ba ya tasiri sai ya fito daga bakin da ya dace. «Na naɗa ka» daga bakin sarki naɗi ne, daga bakin attajirin da ya gina fadar kuwa zance ne kawai, ko da shi ya sayo rawanin. Abin da masu kuɗin ƙwallon Amurka ke nema, in aka tuɓe masa ado, shi ne furucin ya ci gaba da fitowa daga bakin darakta, amma sunan da za a furta ya fito daga nasu. Ta haka naɗin ya halatta a idon doka, nauyinsa kuma ya hau kan wanda ya furta, su kuwa hannunsu fes.

Adalci ne a faɗi abin da Burton yake da shi. Ya buga wasan a samartakarsa, ƴaƴansa sun buga shi a jami'a, ba baƙo ba ne a harkar. Shekaru yana zuba dukiyarsa a lokacin da ƙungiyar Konetikat ke fafutikar hawa sahun manya. Kuma babban ɓangaren aikin daraktan wasanni shi ne kula da irin waɗannan mutane: kiran waya, ziyara, zama a ci abinci tare. Daraktan da ya bari babban mai ba shi gudummawa ya ji an wofintar da shi ya gaza a wani sashe na aikinsa, ko da ya yi daidai a sauran. Abin da ya biyo baya ma kamar ya ba attajirin gaskiya. A watan Fabrairu aka sasanta, bayan shugaban majalisar amintattun jami'ar ya gana da iyalin; kuɗi suka zauna, suna ya zauna. A watan Agusta Hathaway ya bar aiki, bayan sabuwar shugabar jami'ar, Susan Herbst, ta sa an binciki yadda yake tafiyar da sashen. Ba wasiƙar ce kaɗai ta ci kujerarsa ba, domin a shekarar ne hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hukunta ƙungiyar ƙwallon kwandon jami'ar, amma da wuya a ce ba ta taimaka ba. Shi kuwa Pasqualoni ya ci wasa 10, aka cinye shi 18, aka sallame shi a watan Satumban 2013 bayan ya faɗi wasanni huɗu na farkon kakar a jere.

To, tun da hasashen mai kuɗi ya tabbata, me zai hana a bar masa zaɓin? A nan ne mutane da yawa ke zamewa. Dacewa da gaskiya sau ɗaya ba ta haifar da iko. Ana ba darakta ikon naɗi ne don shi ne za a tuhuma in abin ya lalace, ba don ya fi kowa sanin ƙwallo ba. Hathaway ya zaɓa, zaɓin bai yi kyau ba, kuma babu wanda ya rasa sanin wa za a tambaya. Da a ce ɗan takarar Burton aka ɗauka ya faɗi wasa 18, babu majalisar da za ta kira attajirin ta nemi bayani, babu albashin da za a tsayar masa, sunansa na nan a jikin gini. Iko ba tare da hisabi ba shi ne abin da kowace hukuma mai mutunci ke gudu, kuma jami'a, wadda dukiyar jama'ar jiha ce, ta fi kowa dalilin gudunsa.

Hasashen masu kuɗi kuma ba kullum yake tabbata ba. Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama ta ga haka a watan Nuwamban 2003. Ƙungiyarta ta shiga kakar wasan ana yi mata zaton ɗaukar kofin ƙasa, sai ta yi ta tuntuɓe. Kwana biyu kafin wasan da ya fi kowane muhimmanci a jihar, wato karawa da Jami'ar Alabama, shugaban jami'ar William Walker, da daraktan wasanni David Housel, da wasu amintattu biyu, suka hau jirgin sama a ɓoye suka je ganawa da Bobby Petrino, mai horar da ƙungiyar Louisville, don su yi masa tayin kujerar da mai ita, Tommy Tuberville, ke zaune a kai bai san dawar garin ba. Petrino kuwa tsohon mataimakin Tuberville ne, shekara guda kafin nan yana aiki a ƙarƙashinsa. Jirgin na kamfanin bankin Bobby Lowder ne, attajirin da ya shiga majalisar amintattun jami'ar tun 1983, wanda kowa a Auburn ya san nauyin maganarsa. Shi bai hau jirgin ba; ba ya bukatar hawa.

Auburn ta ci Alabama 28 da 23, ƴan jarida suka bankaɗo tafiyar, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. A watan Disamba hukumar da ke tantance jami'o'in jihohin kudu ta sa Auburn a ƙarƙashin sa-ido, kuma cikin dalilanta har da katsalandan ɗin amintattu a harkokin gudanarwa. A watan Janairun 2004 Walker ya ajiye aiki. Tuberville, wanda aka so a kora, ya buga kakar 2004 ya ci wasa 13 ba a cinye shi ko sau ɗaya ba. Daga baya ma ya shiga siyasa, jihar ta tura shi majalisar dattawa a 2021. Abin lura a nan ba nasarar ƙwallon ba ce. Takardar shaidar ɗalibin lissafi ko na harshe, wanda bai taɓa leƙa fili ba, darajarta ta rataya a kan waccan tantancewa, kuma aka sa ta cikin haɗari a jami'ar da manyanta suka fi damuwa da wanda zai tsaya bakin layi ranar Asabar.

Akwai kuma abin tausayi a matsayin Housel. Shi ne mutumin da aikinsa ya wajabta masa kare ma'aikacinsa ko ya gaya masa gaskiya a fuska, sai ga shi cikin jirgin wani yana neman magajin wanda bai mutu ba. Ba don mugun mutum ne ba. Tsohon ɗan jami'ar ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana yi mata hidima. Kujerar ce aka gina ta a karkace. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma daraktan da rabin ginin sashensa ke ɗauke da sunayen mutum huɗu ko biyar ya riga ya ci.

Ita kanta kalmar kyauta a wannan harka tana bukatar bincike. Shekaru da yawa, wanda ke son kujera mai kyau a filin babbar jami'a sai ya fara ba da «gudummawa» ga asusun wasanni kafin a ba shi damar sayen tikitin. Gwargwadon abin da ya bayar, gwargwadon kusancinsa da tsakiyar fili. Dokar harajin Amurka ta yarda a cire kashi 80 cikin ɗari na wannan kuɗi daga abin da za a yanka wa mutum haraji a kai, a matsayin sadaka, har sai da dokar 2017 ta soke hakan. Wato hukuma da kanta ta daɗe tana kiran ciniki da sunan kyauta. Wanda aka koya masa tun yana ƙaramin mai bayarwa cewa kowace dala tana sayen wani abu, kujera, wurin ajiye mota, ɗakin kallo na alfarma, cin abinci da mai horaswa, ba abin mamaki ba ne in ya kai ga miliyoyi ya tambayi abin da su kuma suke saye.

Marcel Mauss ya rubuta tun 1925 cewa kyauta tana tafe da wajibai uku, bayarwa da karɓa da ramawa, kuma Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazari a kwarin Maradi, ya nuna yadda hakan ke aiki a ƙasar Hausa. Matar da ta kai wa ƙawarta biki, ko buki kamar yadda ake faɗa a wasu wurare, ba ta yaudarar kowa. An ƙirga, an riƙe, ranar nata sha'anin za a rama, kowa ya san ma'aunin. Abin da ba a taɓa ji ba shi ne mai kai biki ta ce tun da nata ya fi yawa, ita za ta zaɓa wa amarya miji. Bikin ya fi gudummawar jami'a gaskiya ta fuska biyu: ya amsa cewa bashi ne, ya kuma faɗi iyakarsa. Jami'ar Amurka tana musun bashin a bainar jama'a, tana amsa shi a ɗakin cin abinci, kuma tun da ba a faɗi iyakarsa ba, mai bin bashin ne ke yanka wa kansa.

Inda wannan bashi ya fi ciwo shi ne wajen sallama. A watan Disamban 2017 Jami'ar Texas A&M ta ɗauki Jimbo Fisher a kan dala miliyan 75 na shekara goma, aka tabbatar masa da kuɗin gaba ɗaya ko ya ci ko bai ci ba. A 2021 aka tsawaita yarjejeniyar aka ƙara kuɗin. Ranar 12 ga Nuwamban 2023, washegarin wasan da ƙungiyarsa ta ci 51 da 10, aka sallame shi, jami'ar kuma ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75, fiye da miliyar 40 na sefa, don ya zauna gida. Daraktan wasanni na lokacin, Ross Bjork, ya bayyana cewa kason farko zai fito daga gidauniyar masu ba da gudummawa, saura daga kuɗin sashen wasanni, ba za a taɓa harajin jama'a ba. An faɗi haka ne don a kwantar da hankali, amma wanda ya saurara da kyau zai ji wani abu daban. In korar ma'aikaci ba ta yiwuwa sai waɗansu mutane na waje sun yarda su biya, to ikon kora ya bar hannun darakta. Ba zai iya sallamar wanda suke so ba, tun da ba za su biya ba. Da wuya kuma ya riƙe wanda suka gaji da shi, tun da sun zo da kuɗin sallamar a hannu. Shi dai zai tsaya gaban ƴan jarida ya ce shi ya yanke shawara.

Kada wannan ya sa a ɗauki mai horaswa a matsayin wanda ake zalunta. Sau da yawa shi ne ya fi kowa cin ribar ruɗanin. Mai horaswa mai wayo ya san cewa abokantaka da attajirai uku ta fi yardar darakta amfani, don haka yana zagaye ubangidansa ya kai kukansa inda kuɗi suke: yana son sabon gini, yana son ƙarin albashin mataimaka, wata jami'a na zawarcinsa. In ya ci wasa, masu kuɗi su matsa a ƙara masa don kada a sace shi. In ya faɗi, su tara a biya shi ya tafi. Rikicin Konetikat ma mai horaswa ne ya buɗe ƙofarsa. Randy Edsall ya kai ƙungiyar babban wasan Fiesta Bowl ranar 1 ga Janairun 2011, Oklahoma ta ci su 48 da 20, washegari aka ji ya karɓi aiki a Jami'ar Merilan, ko jirgin komawa gida bai hau tare da yaransa ba. Waɗannan yara, da yawansu ƴaƴan talakawa ne da suka zaɓi jami'ar saboda alkawarin da mutumin ya yi wa iyayensu a cikin ɗakinsu, su ne ba su da ta cewa wajen naɗin.

Da a ce abin ya tsaya a fili da sauƙi. A watan Afrilun 2000 Jami'ar Oregon, bayan matsin lamba daga ɗalibanta, ta shiga wata ƙungiya mai sa ido a kan halin ma'aikata a masana'antun da ke ɗinka kayan da ake sayarwa da tambarin jami'o'i. Phil Knight, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Nike kuma tsohon ɗalibin jami'ar, ya janye alkawarin dala miliyan 30 da ya yi don faɗaɗa filin ƙwallo. A shekarar da ta biyo baya jami'ar ta fita daga ƙungiyar, bayan hukumar ilimi mai zurfi ta jihar ta fito da ƙa'idar da ta hana irin wannan shiga, Knight kuma ya dawo da bayarwa. Babu wanda zai hana mutum janye dukiyarsa daga inda yake ganin an ci mutuncinsa, haƙƙinsa ne. Amma ɗaliban da suka yi zaman dirshan har suka samu abin da suka nema sun ga yadda kuɗin filin ƙwallo suka rinjayi matsayin jami'a a kan batun da ba shi da alaƙa da ƙwallo ko kaɗan.

Masu cewa a rufe ƙofa, a daina karɓar kuɗin attajirai gaba ɗaya, suna magana ne daga nesa. Ribar ƙwallo da gudummawa ne ke ɗaukar nauyin ninƙaya da guje-guje da wasannin mata a jami'o'i da yawa, kuma in aka toshe wannan hanya, ko a rufe waɗannan, ko a ƙara wa ɗalibai kuɗin makaranta. Lamarin ma ƙara nauyi yake yi. Tun ranar 1 ga Yulin 2021 aka yarda ƴan wasan jami'a su karɓi kuɗi ta hanyar tallata sunansu da hotonsu, nan take masu kuɗi suka kafa ƙungiyoyin tara abin biyan ƴan wasa. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa ƴan wasanta kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Biyan yaran adalci ne da ya makara. Shekaru ana cin guminsu da sunan son wasa. Sai dai abin da ya jawo wa Jami'ar SMU a Teksas rufe ƙwallonta na kakar 1987 gaba ɗaya, wato masu kuɗi su biya ƴan wasa, yau ya zama aikin yau da kullum, kuma wanda a da yake gina bango kawai, yanzu hannunsa ya kai ga wanda zai shiga fili.

Abin da ya rage wa jami'a, in tana son ta riƙe mutuncinta, shi ne ta daina cin amfanin harshen damo. Ta rubuta a takardar kowace babbar gudummawa abin da kuɗin ke saye da abin da ba sa saye: suna a jikin gini, e, kujera, e, ganawa da darakta kafin babban naɗi, ana iya yarda, a kuma rubuta cewa ganawar ta faɗin ra'ayi ce, zaɓen ma'aikaci, a'a. Wasu attajiran za su mayar da hannu aljihu, kuma gara su mayar tun kafin a kafa tubali da su nemi a rushe bayan an yi rufi. Amintaccen da yake babban mai bayarwa ya fita daga ɗaki in ana maganar mai horaswa, kamar yadda zai fita in ana maganar ba kamfaninsa kwangila. Kuɗin sallama kuma kada su wuce abin da sashen zai iya biya daga kasafinsa, domin duk yarjejeniyar da ba a iya warware ta sai da roƙo, tun ranar sa hannu aka miƙa wuya.

Wannan duka ba aikin darakta ba ne, ko da yake shi ake bari a rana. Darakta ma'aikaci ne mai iyali, ba za a nemi ya yi jayayya da mutumin da ke iya kiran gwamna a waya ba alhali shugaban jami'a na laɓe bayan ƙofa yana jiran ya ga wanda zai yi rinjaye. A Auburn shugaban jami'ar yana cikin jirgin. A Konetikat shugaban amintattu ne ya je lallashi, wata shida bayan nan darakta ya kwashe kayansa. Tun daga wancan lokaci jami'ar ta sauya daraktoci, ta sallami Pasqualoni, ta sallami wanda ya gaje shi, Bob Diaco, ta dawo da Edsall ɗin da ya tafi ba sallama, shi ma ya sake tafiya a 2021. Ginin atisayen na nan a harabar Storrs, da sunan gidan Burton a jikinsa.